Injin Faskaren Baban Amira

Salford, Manchester

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Sanyi ya shigo, Yaya, shi ne ranar Asabar na ce bari in faskara itacen murhun falo da injin nan mai araha da Baban Amira ya saya. Tun rasuwarsa ban buɗe rumfar da yake ajiye injin ba. Na tarar ya goge shi tas, amma wani ɗan noti a gaba a kwance yake. Na ce Allah sarki, ciwo ya sa ya manta. Na ɗaure shi tam, na kunna. Ban yi nisa ba man injin ya tsiyaye ƙasa.

Jiya abokinsa Injiniya Bala ya zo daga Birmingham ya duba. Ya ce da gangan ake sassauta notin kafin aiki don iska ta fita, in ba haka ba robar ciki ta fashe. Ashe a shirye ya bar shi, yana sa ran zai tashi ya yi mana faskaren bana.

Bala ya ce gyaran ba wuya. Ni dai na zauna a rumfar na yi kukan da ban yi ba duk takabata.

Ki sa Baban Amira a addu'a, mu ma ki sa mu. Ki gaida Inna, amma kada ki ba ta labarin nan.

Ƙanwarki,
Maryam