Dutsen da Ke Ƙofar Gidanmu

Jarwal, Makka
Muharram, 1369

Zuwa ga ƙanena Sabo,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk wanda ya rage yana tuna sunana. Yaya bayan naka? Alhaji Isa, mai kawo maka wannan takarda, ya ce har yanzu kana fita gona. Mu ma lafiya, sai tsufa.

Na ce maka bana zan biyo ayarin alhazai in dawo gida. To ga ayari na shirin tashi, ni ina zaune. Ɗana Yunus ya hana, ni kuma ƙafafun da suka kawo ni nan ta Sudan ba za su mai da ni ni kaɗai ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Ya Abuya, mutane na sayar da gonakinsu don su zo su mutu a nan, kai kuma kana son ka kai gawarka can?" Maƙwabta duk suka ce ya yi gaskiya. Ban ce ƙasar nan ba ta da albarka ba, Sabo, uwarsa Mairama ma a nan take kwance. Amma ni ba mutuwa na ce zan je yi ba, so nake in zauna a ƙofar gidan babanmu in ga damina.

Ka san aikinsa, gilas mai launi yake yanka wa tagogin masu hali, yana kuma zana furanni a kai. Bayan mun yi wannan faɗa sai ya soma lallaɓa ni da tambaya, wai yaya garinmu yake, me mutum ke gani in ya fito daga zaure. Ni kuwa sakarai na saki baki, ina tsammani zuciyarsa ce ta fara karkata. Ashe zanen garin yake yi mini a kan gilas. Ranar Juma'a ya shigo da shi a naɗe cikin bargo, ya kafa a tagar ɗakina.

Ba zan zalunce shi ba, abin ya yi kyau. In hantsi ya bugo ta bayansa, tafkin nan sai ya riƙa ƙyalli, har ka ga kamar kainuwar za ta motsa. Gero ya yi kore shar, ga rumbuna, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta bayan dutse. Yaron da bai taɓa ganin bishiyar kuka ba ya yi mata ƙaton ciki da 'yan rassa kamar yadda na faɗa, sai dai ganyen ya ɗan yi kama da na dabino. Na yi hawaye, ba zan ɓoye maka ba.

Da hawayen ya bushe sai na ga ɓarnar. Masu wannan sana'a a bayan gilas suke shafa fenti, sa'an nan a juyo shi. Furanninsa dama da hagu duk ɗaya ne, don haka bai taɓa damuwa da juyawa ba. Na ce masa dutse na hannun dama, tafki na hagu, haka ya zana, da ya juyo sai garin ya kife. Na ce ya gyara, ya ce ba ya gyaruwa, fentin farko shi ne a fuska, sai dai a kankare duka. Kuma babu mutum ko ɗaya a ciki, ko akuya, ko balbela, domin ba ya zana mai rai. Gari ne kamar wanda annoba ta share.

Yanzu mutanen Jarwal sai shigowa suke yi kallo, suna ta mashaAllah, suna cewa na ji daɗin ɗa, an kawo mini gida har ɗaki. Ni ke dafa musu shayi.

Ka gaishe da Fatsuma da yara. In Allah ya yarda baɗi da kaina zan zo.

Yayanka,
Mahmudu

Jarwal, Makka
Muharram, 1370

Zuwa ga ƙanena Sabo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata damina ta yi muku kyau, kuma ciwon idon Fatsuma ya yi sauƙi. Daddawa da garin kukar da ka aiko sun iso. Matar Yunus ta ce warinsu ya cika mata gida, ni na ce ta bar mini su a ɗakina.

Bana ma ayari zai tashi ba ni. Wannan karon ba sai an hana ni ba, tun azumi gwiwata ta ƙi, ko Harami sai an riƙe ni. Yunus na kula da ni, ba abin da ya rage ni da shi. Da zai yi mini rashin kunya da na samu abin da zan riƙe, amma sai ladabi, kullum da safe ya zo ya goge zanen da hannun rigarsa ya tambaye ni ko na ga gida yau. Har an fara zuwa daga gidajen manya ana son ya yi musu irinsa, garinmu zai shiga ɗakunan mutanen da ba su san ana cin gero ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Shekara guda ke nan ina kwance ina fuskantar tagar nan, ba abin kallo sai ita. Da, in na rufe ido ina ganin Inna tana sussuka, ina ganinka kana koro awaki daga tafki. Yanzu in na rufe ido gilas ɗin nake gani, fes, ba kowa a ciki, kukar ma da ganyen dabinonta. Rannan na sake yi masa ƙorafin dutsen, sai ya ce daidai yake tun farko, ni ne na rikice. Na buɗe baki zan ƙaryata shi, sai na ji ban tabbata ba. Na yi fushi da shi kwana da kwanaki, amma fushin bai dawo mini da komai ba.

Tun ina saurayi na ɗauko garin nan a kaina, na ratsa Barno da Wadai da shi, na haye teku bai zube ba. Sai da ɗana ya yi mini alheri na rasa shi.

Na daina cewa baɗi. Abu ɗaya nake roƙonka, kuma kada ka amsa da ka, mu duka mun tsufa. Gobe da safe ka fito daga zaure, ka tsaya a bakin ƙofa inda Baba ke shimfiɗa buzunsa, ka duba da idonka. Sa'an nan ka gaya wa duk alhajin da zai taho, dutsen nan a dama yake ko a hagu.

Ka gaishe da kowa. Ka yi sauri, Sabo.

Yayanka,
Mahmudu