Rasuwar Kaftin Idris Zali, Mai Horar da 'Yan Besbol

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasa Hausawa ta Misfala ta samu labarin rasuwar babanmu kuma malaminmu, Alhaji Idris Abdulƙadir, wanda aka fi sani da Kaftin Zali, ranar Litinin bayan doguwar jinya. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa.

Marigayin haifaffen unguwar Misfala ne a nan Makka, ɗan Sakkwatawan da suka iso a ƙafa ta Chadi da Sudan. Yana saurayi ya tafi aikin mai a Zahran, inda ya koyi besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurkawa, ya shekara shida yana jefa wa ƙungiyar ma'aikata ƙwallo da hannun hagu, har ranar da kafaɗarsa ta goce a tsakiyar wasa. Ya ƙarasa wasan nan da hannun dama, bai sake jifa ba.

Da ya dawo gida, wata kwaleji da ke hanyar Aziziyya ta ɗauke shi, ya shekara goma sha biyu yana horar da ɗalibanta a filin da shi da kansa ya tsince wa duwatsu. Sau uku yana kai su Jidda suna kayar da ƙungiyoyin kamfanoni. Da yawa daga cikinmu a hannunsa muka koyi zuwa a kan lokaci da gaida wanda ya ci mu.

Da mun so mu tsaya a nan, amma shiru a kan abin da ya biyo baya cin amana ne. Duk shekarun nan, a matsayin mai gadi kwalejin ta rubuta shi a takardunta, kuma da sabon mudir, wato shugaban kwalejin, ya zo bara, da wannan hujjar ya sallame shi, wai mai gadi ba ya koyarwa. Aka kankare sunansa daga jikin kofunan da ɗalibansa suka ciyo, aka bar na mudir. Ranar jana'iza ko mutum ɗaya ba su turo ba. Sai a rana ta uku, ana tsakiyar zaman makoki, masinjansu ya yi sallama da takarda zuwa ga mai ɗakinsa, Hajiya Shatu, wai a maido da makullin sito da safofin hannu goma sha ɗaya, waɗanda marigayin ya ɗinka da hannunsa da fatun ragunan Mina. Wannan abin ƙyama ne, kuma mun yi tir da shi. Mun mayar musu da makullinsu. Safofin kuwa Hajiya ta raba mana, mu ɗalibansa; duk wanda yake son su a kwalejin ya zo ya karɓa a hannunmu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Shatu, da 'ya'yansa Khadijatu da Mukhtaru, da ɗaukacin jama'armu ta unguwannin Misfala da Shisha. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa da na abin da aka yi musu, Ya kuma bi masa haƙƙinsa.

Sa hannu:
Alhaji Rabi'u Isa
Kakakin Ƙungiya
Makka, 16 ga Rajab, 1387