Na Ga Hannunki a Ƙugu

Narayi, Kaduna.

Zuwa ga jikata Eunice,

Ƙulin ƙulifita! Ya ɗauki mai ciki, ya ɗauki mai karaya, ya ɗauki gawa, amma bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Mene ne? Riƙe shi tukuna, na san ƙaton kan nan naki ba ya aiki da sauri.

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan sanyin Ingila bai ƙara miki muni ba. Allah ya tsare ki, ya sa albarka a hannunki. Mu nan muna godiya. Matar kawunki Filibus ta sauka lafiya a Unguwar Romi, namiji, hanci sak nawa, abin tausayi.

Yanzu ki zauna. Uwarki ta ce in na gaya miki ba ita ba ni, amma ni na haife ta. Ta bar aikin asibiti. Tun kafin Ista ta sunkuya za ta juya wani majinyaci, abu ya tsinke mata a ƙugu, sai ɗauko ta aka yi. Ashe ta daɗe tana fama. Kin san halinku na nas: ta ɗaure ƙugu da ɗankwali a ƙarƙashin farin kaya, ta sa ƙawarta ta soka mata allura, ta koma ɗaukar mutane. Yau ni da furfurata nake ɗaga ta zuwa bayi. Ran Lahadi 'yan zumuntar mata suka zo da waƙa, ta yunƙura ta miƙe musu, ta kasa, ta juya fuska bango. Duk lokacin da kika kira, sai mun jingine ta da filo, ta ɗaura kallabi, ta yi miki dariya.

Likitan gashin ƙashi ya koya mata miƙa, safe da yamma. Ta kwanta rigingine ta jawo gwiwa zuwa ƙirji a hankali, sannan ta durƙusa ta gantsare ta lanƙwashe kamar kyanwa. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Sai na shimfiɗa tabarma na yi a gabanta, ƙasusuwana suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, har ƙanenki Caleb ya leƙo ya ce ko Kaka ta shiga sabon coci ne. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce shekara nawa tana koya wa marasa lafiya wannan abu da bakinta, ba ta taɓa samun lokacin yi wa kanta ba.

Eunice, ba don ki yi kuka na rubuto ba. Ranar da kika kira mu a bidiyo, kin tashi ɗauko ruwa, na ga hannunki ya tafi ƙugu, kin cije leɓe. Haka uwarki ta fara. Tsofaffin Turawan da kike ɗagawa suna da nasu jikokin, ni kuwa ke ce tawa. Ki nemi likita, ki daina ɗaukar mutum ke kaɗai, ki kwanta ƙasa ki yi kyanwar nan kullum, ko da abokan aikinki za su yi dariya. Ba ni da ƙarfin jinyar biyu.

Ki gaishe da saurayinki Harrison, ki ce har yanzu ina jiran turmin zanen da ya yi mini alkawari. Filibus da matarsa Becky da Caleb suna gaisuwa.

Taki har kullum,
Kaka Tagwai.

Amsar kuwa, bayan uwarki ne.