Daren da Aka Ƙwace wa Matan Unguwarmu

Jibiya

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Maraɗi. Har yanzu layin waya a katse yake, shi ya sa na ba Imrana direba takardar nan.

Gwaggo Hajjo ce ba lafiya, ko kunu ba ya zama a cikinta. Ka san ita ta goye ni bayan rasuwar Innata. Ina neman izni in je in duba ta da rana.

Kada ka ce in bari sai dare. Da can duhu ne mayafinmu, bayan isha'i mu fita barka, mu fita dubiya, ba mai ganinmu. Tun da manyan motoci suka fara kwana a layinmu, daren ya tashi daga hannunmu. Mai shayin da ka ba hayar zaurenmu ya ja ƙwan lantarki har bakin ƙofa. Ga masu tsire, ga 'yan bumburutu da jarkokin mai, ga gidan kallon ƙwallo a tsohon gidan Liman. Direbobi a miƙe cikin zaure har asuba. Shekaranjiya na sa hijabi na leƙa, wani ya ce, "Hajiya, mi a ka biɗa?" duk suka juyo. Na koma ɗaki na yi ta kuka.

Taka, Safiyatu

Maraɗi

Safiyatu,

Na samu saƙonki, Allah ya ba Gwaggo lafiya. Kin cika kai ƙara, unguwar da aka haife ni ce za ki ba ni labarinta? A gidanmu mace ba ta taɓa keta kasuwa da rana ba, kuma ba a kanki za a fara ba. Ki jira ƙafa ta ɗauke da dare ki je. Zancen zaure kuwa, na riga na yi wa mutumin alkawari. Ki gaishe da yara.

Mijinki, Zunnuraini

Jibiya

Maigida,

Ina gaisuwa. Na yi ta jiran ƙafa ta ɗauke, ba ta ɗauke ba. Jiya haƙurina ya ƙare, na fita da rana tsaka ba da izninka ba, ka yafe mini.

Layin nan ba kowa. Mai shayi yana barci, direbobi sun tafi, shaguna a rufe, awaki kaɗai na gani har na isa. Ashe kullum haka ranar take, ni ina ɗaki ina jiran dare.

Na tarar da tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida. Tun da hantsi aka kai Gwaggo makwancinta. Sun ce har ta cika tana tambaya ko na iso.

Ka huta lafiya.

Safiyatu