Kajin Umma sun cinye aikin Yaya

Zuwa ga Goggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, amin. Mu nan lafiya lau, in ban da ni da raina yake a ɓace.

Goggo, zuwana wurinki hutun nan ya fasu, kuma ƙwari ne sila. Kin san Yaya yana shekarar ƙarshe a jami'a. To bincikensa a kan ƙananan halittun ruwa ne, na fadamar nan mai manyan itatuwa da ke bayan gari. Da Baba ya ce in riƙa raka shi, har daɗi na ji, don a littattafan da nake karantawa irin wurin nan ne ake haɗuwa da mai kyawawan idanu. Ni kuwa matsattsaku na haɗu da shi, ya manne mini a ƙwauri, ga abokan Yaya a tsaye, kunya ta hana ni ihu.

Aikin ma ba ɗiba kawai ba ne. Sai an ja raga mai mariƙi a gindin saiwoyi, ja iri ɗaya a kowane wuri. Sai an kafa bututu a laka a zaro, a wanke a rariya. Babban abin kuwa jakunkunan raga ne da muka cusa wa busasshen ganye, muka nutsar, suka yi makonni don ƙwarin su tare a ciki. Da na ce mu sa su inda rana ke ratsa ganye, Yaya ya ce ba hoton biki muka zo ɗauka ba.

Shekaranjiya muka ciro su. Ya juye ganyen a fararen farantan Umma a tsakar gida, don da ransu ake tsince ƙwarin, in suna motsi an fi ganinsu. Ya shiga ɗaki ɗauko kwalabe, waya ta riƙe shi, ni kuma ina wanka. Umma ta fito ta ga ruɓaɓɓen ganye da tsutsa a farantanta, ta kwashe ta zuba wa kaji, ta wanke farantan tas. Da Yaya ya fito ya tarar kaji sun cinye komai. Umma ta ce ita wa ya gaya mata tsutsa karatu ce, amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Malaminsa ya ce a sake nutsar da wasu kafin ruwa ya janye, in ba haka ba sai baɗi. Ke nan hutuna gaba ɗaya a laka zai ƙare. Wallahi na ɗauki biro ne don in roƙe ki ki kira Baba, tunda ba ya tsallake maganar yayarsa. Amma ɗazu na leƙa na ga Yaya tsugune a bakin akurki yana kallon kajin nan, bai ci komai ba tun jiya. Saboda haka kar ki kira. Zan zauna, amma ki sani ba da son raina ba ne, kuma ba zan yi masa fara'a ba sai ya ciro na ƙarshe.

Ki gaishe da Kawu, da 'yan biyu, da Auta, ki ce mata kar ta yi fushi da ni. Umma na gaishe ki, Yaya ma na san da zai gaishe ki in da yana magana.

Taki har kullum,
'Yar ƙaninki