Sigina Kafin Naushi

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Auta ta shimfiɗe ni a gaban mutane. 'Yar da na koya wa tafiya. Ni na kai kaina ajin karetinsu don mu samu abin hira, tunda ta girma ba na samun komai a bakinta sai "to" da "a'a". Malamin ajin ya ce wai ina kunna sigina kafin in kai naushi: in ɗaga gira, in kalli ƙafa, in motsa baki, sannan hannu ya biyo. Ya san koyar da tuƙi nake yi, shi ya sa. Kowa ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙarshen wata akwai wasan nuni, kowane yaro da mahaifinsa. A mota, fuskarta na kallon taga, Auta ta ce ko ta yi da likitan haƙoran nan na ajinmu, tunda ɗansa ya karye a hannu. "Don kar ka ji kunya ne, Baba." Kunyar wa? Na ce ta ɗan ba ni lokaci. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Asabar, 8 ga Maris

Atisaye a falo, gaban madubi. Gwiwa, ƙugu, kafaɗa, numfashi. Da na tuna numfashi sai ƙafa ta ɓace mini. Mamansu ta leƙo ta tambaya ko cinnaka ne ya shiga wandona.

Talata, 11 ga Maris

Na yi wa wata ɗaliba faɗa a kan titi: "Hajiya, daina kallon ƙafarki, ta san inda birki yake." Ina faɗa sai na tuna da kaina a gaban madubi.

Litinin, 17 ga Maris

Malam ya haɗa ni da Auta. Ta kawo naushin farko tana cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, jiya na ɗauki makullin motar koyo. Na goge ta da ƙofar gida."

Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa. Wa ya ba ki izini? Wane gefe? Fitilar fa? Tana kawowa ina karewa, ina juyawa, bakina bai tsaya ba. Kawai sai na gan ta a ƙasa tana dariya. Malam ya ce in maimaita. Na ce ban san me na yi ba. Ya ce to madalla, kada in bincika.

Na fita na duba bayan motar, ina fatan dabara ce. Ashe da gaske ta goge ta.

Laraba, 19 ga Maris

Na gargaɗe ta kada ta sake lalata mini kaya don in iya kareti. Sai ta koma ba ni labari muna atisaye. Ashe tun bara babbar ƙawarta ta daina kula ta, ita kaɗai take zama lokacin hutun tara a makaranta. Ban sani ba. Hannuwana dai sun yi ta aikinsu, ni ina saurare.

Asabar, 29 ga Maris

Mun yi wasan, ni da ita. Likitan haƙori, daga kan benci, ya ce na yi kuskure a tsakiya. Wataƙila. Ban lura ba.

A hanyar dawowa tana ta zuba, labarin bai ƙare ba muka iso kwanar gida. Na wuce. Ta ce, "Baba, ka wuce layinmu." Na ce mata mantuwa ce.