Taku Bakwai Tsakanin Ajinka da Kicin

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, malamin mutum arba'in kuma mijina ni kaɗai,

Na gaji, masoyi. Ba ɗinki ne ya gajiyar da ni ba, shiru ne. Tun da ka fara koyar da lissafi ta intanet, daga ƙarfe huɗu zuwa shida gidanmu na kurame ne. Ka rufe ƙofa, ni kuma in ɗauke ƙafa daga keken ɗinki don kada ƙararsa ta shiga darasinka. Ko cokali ya faɗi, tare da gabana suke faɗuwa. Sannan ka fito ido jajur, murya a dishe, ka ce ka yi ta magana da baƙaƙen akwatuna, babu wanda ya kunna kyamara, ba ka san ko sauraro suke ko wanki ba. In na yi maka magana, sai "uhm". Shin duk zancenka a allon nan kake juye shi? Ko ɗigo ba za ka rage mini ba?

Ka tuna ranar da ka fara zuwa shagona da wando yagagge a gwiwa? Aikin minti biyar, ka zauna awa biyu kana zuba kamar ruwan farkon damina, har na soke yatsa sau biyu don dariya. Ina wannan mutumin ya shige?

Na neme shi, na kuwa same shi. Wata uku ke nan da na yi rajista a ajinka ta wayata. A kicin nake zama, abin sauraro a kunne, ina amsa maka a rubuce. Ɗalibar nan mai suna Allura, ni ce.

Ba zan ɓoye alherin abin ba. Ni da na bar makaranta tun aji uku, da girmana ba zan iya zama a benci in ɗaga hannu a yi mini dariya ba. A nan kuwa, da yake ana naɗar darasinka, ina mayar da shi baya sau huɗu, babu mai harara. Yanzu ina raba yadi gida takwas ba tare da kintace ba. In sabis ya yanke, sai in kafa kunne a bango in ji ragowar bayanin, gatan da sauran ɗalibanka ba su da shi.

Amma wayyo ni! Allura ta yi tambayar wauta, ka ce mata, "Madalla, sake tambaya." Ni na leƙo in ji me za ka ci, ka ɗaga mini hannu, idonka na kan allo. Shekaranjiya muna cin abinci ka ce ba don Allura ba da tuni ka ajiye koyarwar nan, ita kaɗai ke amsawa. Fuskarka har haske take. Na yi murmushi, na kwashe kwanuka, na je na yi kukana. Wace mace ce ke kishin kanta?

Gobe jarrabawa, ka ce dole kowa ya kunna kyamara. Za ka ga kantar da ka kafa mini a karkace, da tukwanenmu, da fuskar da ka kwana biyu ba ka kalla ba. Ba na so ka fara gani a gaban mutum arba'in, shi ya sa na ajiye wannan takarda a kan kwamfutarka. Ba fushinka nake tsoro ba. Tsorona kada gwiwarka ta yi sanyi, ka ce ashe babu mai sauraronka sai matarka. To, in ma haka ne, kaɗan ce?

Kada ka daina, don Allah. Ka duba jarrabawata kamar ta kowa, in na faɗi ka kayar da ni. Amma ƙarfe shida in ka rufe kwamfuta, tsakanin ƙofarka da kicin taku bakwai ne, na sha ƙirgawa. Ka tako su da 'yar muryar da ta rage maka, ka dube ni, ni ma ka ce mini in sake tambaya.

Taka a allo da bayan allo, muddin ina numfashi,
matarka, wadda ba ta taɓa fashin ajinka ba.